Zama a unguwar Malayawa: jagoran shiga surau, aikin gayya, kenduri da bukukuwan Sallah

Ɗalibi ko ɗan kasuwar da ya kama haya a Gombak, Bangi, Serdang ko Skudai a ƙasar Malesiya zai iya daɗewa a layi ɗaya da Malayawa ba wanda ya san sunansa, kuma ba wai sun ƙi shi ba ne. Mutanen ba su da ɗabi'ar kutsa kai cikin harkar baƙo, jira suke su ga ko zai fito. Abin da ke sa a san da zaman mutum shi ne a gan shi a sahu, a gan shi da wuƙa yana yanka albasa daren biki, a gan shi da shebur ranar yashe magudana. Kuɗin gudummawa na da amfani, amma bai kai aikin hannu daraja a wurinsu ba. A kan wannan aka gina duk matakan da ke ƙasa.

Makonni biyu na farko

Unguwar birni, wadda suke kira taman, yawanci layuka ne na gidaje manne da juna, da filin wasan yara, da ƙaramin masallaci wato surau, wani lokacin da zauren taro da ake kira dewan. Hukumomi uku ne ke riƙe da ita. Akwai ƙungiyar mazauna, Persatuan Penduduk, mai kula da masu gadi da kai koke ga ƙaramar hukuma. Akwai Rukun Tetangga, tsarin da gwamnati ta kafa a 1975, wanda ya haɗa Malayawa da 'yan asalin Sin da Indiyawa, shi ke shirya sintirin dare da wasannin ranar 'yancin kai, 31 ga Agusta. Sai kwamitin surau, wanda a unguwar da Musulmi suka fi yawa shi ne ainihin mai faɗa a ji a kan biki, azumi, layya da jana'iza. A dogayen benaye kuwa ofishin masu kula da gini ne ke ba da izinin komai.

Da ka sauke kaya, fara da maƙwabta uku: na dama, na hagu, da na gaban ƙofa. Je da yamma bayan La'asar da ɗan abin hannu, dabino ko 'ya'yan itace, ka tsaya daga bakin ƙofar shinge ka yi sallama. Kada ka shiga sai an ce jemput masuk, wato «bismillah, shigo», kuma a cire takalmi kafin a taka dandamalin gida. Bayan haka ka halarci Magariba a surau kwanaki a jere, ka gabatar da kanka ga liman, da ladan wanda suke kira bilal, da siak mai kula da wurin. Siak ya fi kowa sanin gidan da ke da biki da wanda ke da mara lafiya. Nemi a saka lambarka a zauren WhatsApp na unguwa, don a can ake sanar da komai. Sannan ka tambayi kuɗaɗen da ake biya: na gadi duk wata, da na asusun jana'iza, khairat kematian, duk shekara. Wasu asusun na karɓar baƙi, wasu sai ɗan ƙasa, saboda haka ka tambaya tun da wuri, ba ranar da buƙata ta taso ba.

Dattijo sa'an mahaifinka Pakcik ne, dattijuwa Makcik. Wanda ya ɗan girme ka Abang, mace Kak. Wanda ba ka saba da shi ba Encik ko Puan, wanda ya sauke farali Tuan Haji ko Hajah. In za ka ce «ni», ka ce saya. Aku (ni) da engkau (kai) na tsakanin abokai ne, a kunnen dattijo rashin kunya ne. Musafaha a hankali ake yi, ba matsewa, sannan a kai hannu ƙirji. Ba a nuna mutum da manuniya, da babban yatsa ake yi, sauran a dunƙule. In za ka gifta gaban manya suna zaune, ka ɗan rusuna ka miƙa hannun dama ƙasa. Muryarka ma ka sassauta ta. Hirar da mu ke ɗauka raha ce da ƙarfi a bakin ƙofa da dare, maƙwabci zai ɗauka faɗa ake, kuma ba zai zo ya gaya maka ba, sai dai ka ga gaisuwa ta yi sanyi.

A cikin surau

Mazhabar Shafi'i ake bi. Za ka ji ana bayyana Bismillah a Fatiha, ana ƙunutin Asuba a bayyane bayan ɗagowa daga ruku'u, ana zikiri da addu'a tare bayan sallama. Ba kowane surau ake Juma'a ba, sai wanda hukumar addini ta jiha ta ba izini. Agogon ƙasar ya ɗan yi gaba da rana, don haka a yankin Kuala Lumpur Azahar kan wuce ƙarfe 1:00, Magariba kuma tsakanin 7:00 da 7:30. Taron dare duk da sallah ake auna shi: «bayan Magariba» ko «bayan Isha'i».

Daren Juma'a ana karanta Yasin da tahlil, a kan biyo da shayi da ɗan abin taɓawa da gidaje ke kawowa bi da bi. A cikinmu akwai masu yin wannan, akwai waɗanda ba sa yi. Wanda ba ya yi zai iya tashi bayan nafila ba tare da kowa ya tuhume shi ba, ya dawo Isha'i. Abin da ke ɓata zama shi ne buɗe muhawara a tsakiyar jama'a. Kuma akwai doka a ciki: koyar da addini ko wa'azi a bainar jama'a sai da takardar izini, tauliah, daga hukumar addini ta jiha, kamar JAIS a Selangor ko JAWI a Kuala Lumpur. Komai iliminka kada ka kafa majalisi a surau da kanka. In kwamiti ya ga kai mahaddaci ne ya nemi ka ja tarawihi, bar su su bi hanyar neman izinin.

Gotong-royong

Aikin gayya ne na share unguwa, yawanci safiyar Asabar ko Lahadi daga ƙarfe 7:30 zuwa hantsi. A Kedah, Kelantan da Terengganu hutun mako Juma'a da Asabar ne. Zo da safar hannu da takalmin roba. Ana yashe magudana, a sassabe ciyawa, a kife duk abin da ke tara ruwa, saboda sauron Aedes mai kawo zazzaɓin dengi a ruwa mai tsabta yake ƙyanƙyasa: farantin ƙarƙashin tukunyar fure, tsohuwar taya, indararon rufi da ganye ya toshe. Jami'an lafiya na shiga gida gida, in suka sami tsutsar sauro tarar na iya kaiwa RM500 (RM shi ne ringgit, kuɗin ƙasar). Kada ka tafi da an gama aiki. Zaman cin nasi lemak, shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, da ke biyo baya, a nan ake sabo.

Bikin aure: baƙo da ma'aikaci

Kenduri kahwin, wato walimar aure, yawanci Asabar ko Lahadi ne, daga ƙarfe 11:00 na safe zuwa 4:00 na yamma, kuma ya fi yawa lokacin hutun makarantu. Ba zama ake yi har a tashi ba. Kana isa za ka tarar da iyayen amarya ko na ango tsaye a bakin rumfa. Ka gaisa da uba, matarka ta gaisa da uwa, ka ɗebi abinci, ka ci, ka tashi ka ba wani kujera. Minti 30 zuwa 45 ya isa. Wajen sallama ne ake miƙa gudummawa: a naɗe kuɗin ko a sa a ƙaramin ambulan, a ɓoye a tafin hannu, a zura wa mai gida cikin musafaha. Maƙwabci kan ba da RM20 zuwa RM50, na kusa ya fi haka. Ba a liƙi, ba maroƙi mai shelar abin da wane ya bayar. Za a ba ka tukuici, a al'adance dafaffen ƙwai da aka ƙawata, bunga telur, yanzu kuma sau da yawa ɗan kek ko alewa. In kana son ganin shigowar ango da masu kiɗan kompang da zaman ango da amarya a kan gadon ado, pelamin, ka zo wajen 12:30 zuwa 1:30. Babbar riga ko kaftani da hula sun dace sosai, su kansu suna son ganinsu.

Wannan na wanda ya zo daga nesa ne. Maƙwabcin layi ana sa ran ganinsa tun jajibiri. Ko da yake masu dafa abincin haya sun karɓe yawancin bukukuwan birni, har yanzu akwai gidajen da ke yin rewang, wato girkin taron dangi da maƙwabta, musamman a Johor da Selangor. Mako ɗaya ko biyu kafin biki ake zaman raba aiki bayan Isha'i, a naɗa shugaban girki, da masu shinkafa, masu ruwan sha, masu wanke-wanke, masu tarbar baƙi, masu kula da motoci. Ka je zaman nan ko ba ka jin yaren sosai, ka ɗaga hannu a aikin da ba ya buƙatar magana.

Ranar jajibiri mata na ɓare albasa, tafarnuwa da citta, su tafasa busasshen barkono a niƙa, su yanka kokwamba da karas da abarba na acar, haɗin kayan lambu mai tsami. Maza na kafa murhu, su yanka nama da kaji, su wanke kawah, ƙaton kaskon ƙarfe da ake juyawa da muciya mai tsawon filafilin jirgi. Naman sa da ke son doguwar wuta da daddare ake ɗora shi. Shinkafar biki, nasi minyak, wadda ake dafawa da man shanu, kirfa, kanumfari, madara da ganyen pandan mai ƙamshi, tun kafin Asuba ake farawa, kuma kashi kashi ake dafa ta don ta riƙa fitowa da zafi har yamma. Kajin ayam masak merah a soya su da safe a zuba cikin jar miya. Dalca, miyar wake da kayan lambu da ƙashi, ita ce ta ƙarshe. Sabon shiga kada ya taɓa gishiri ko ya ba shugaban girki shawara. Ɗauko ruwa, wanke faranti da share tebur su ne ƙofar shiga. Kuma aikin da aka fi gode wa mutum a kai shi ne na bayan La'asar, lokacin da kowa ya gaji ga tulin tukwane.

In kai ne mai taro

Ga wanda aka yi wa haihuwa, ko ya kammala karatu, ko yake son walimar shiga gida. Mu ɗauki suna da baƙi 100.

Na farko, rana. Malayawa ba su cika ɗaure walimar aƙiƙa da rana ta bakwai ba. Da yawa sai mai jego ta gama kwana 44 na zaman jego. Kana iya raɗa suna da yanka ran bakwai, ka ɗaga taron maƙwabta zuwa ƙarshen mako. Kafin ka tsayar da rana tambayi shugaban surau ko wani gida ya riga ka, don taro biyu a layi ɗaya rana ɗaya ba ya yiwuwa.

Na biyu, wuri. Rumfar da za ta tare titi sai da izinin ƙaramar hukuma, DBKL a Kuala Lumpur, ko majalisar yankinka a Selangor. Nema da saura mako biyu aƙalla, kuma mai hayar rumfa ya san fom ɗin. Ka sanar da mai gidan da kake haya. Sannan ka bi gidajen da rumfar za ta toshe musu ƙofa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ba Musulmi ba, ka nemi afuwa kuma ka gayyace su baki da baki. Rigimar da ta fi yawa a taman ta wurin ajiye mota ce, kuma kusan kullum daga rashin wannan zagayen take tasowa. In baƙi za su yi yawa, ana ɗauko 'yan sa-kai na RELA su tsara motoci a ba su alawus. Mai zama a bene ya kama dewan kawai, ya biya kuɗin ajiya.

Rumfa mai ƙafa 20 sau 20 na ɗaukar tebur huɗu masu zagaye, kujeru 32 zuwa 40. Tunda ci ake a tashi, guda ɗaya ta zama da ƙarama ta abinci sun ishi mutum 100. Ka nemi fanka da labulen gefe, domin ruwan yamma da iska yake zuwa. In ana ruwa a sa wani ya riƙa ture ruwan da ya taru a tsakiyar tamfol da sanda, nauyinsa kan karya ƙarfe.

Na uku, lissafin ciki. Gayyata ɗaya gida guda take kawowa, don haka ƙirga kawuna, ba katuna ba. Kilo ɗaya na ɗanyar shinkafa na ciyar da mutum takwas, wato kilo 13, ka sa 15 saboda masu aiki da ƙunshin da za a kai gidaje. Kaza a ce wa mai yanka potong dua belas, wato a yanka ta gida goma sha biyu. Kaji 12 sun wadatar. Akuya matsakaiciya ba ta wuce cin mutum 40 zuwa 50, saboda haka kada ka dogara da ita kaɗai. Ruwan sha mai zaƙi lita 50 da ƙanƙara mai yawa, faranti da kofuna 150. A kowane tebur a ajiye butar wanke hannu da kwanonta, don da hannu mafi yawansu ke ci.

Yanka a tsakar gidan haya ba ya halatta sai da izinin hukumar dabbobi. Gonakin awaki da ke wajen gari na yankawa a gabanka su gyara, wasu har su dafa. A wurin Shafi'iyya awaki biyu ne ga namiji, ɗaya ga mace, kuma dafaffe ake rabawa. In ka yanka ɗaya bisa Malikiyya ba wanda zai ƙirga maka. Nama da kaji ka saya wurin mahauci Musulmi ko mai tambarin halal na JAKIM, hukumar addinin Musulunci ta tarayya, don tambayar da za a yi a ɓoye ke nan.

Abincinmu na karɓuwa in an zaɓa da kyau. Dafa-duka, tsire da masa na ƙarewa da wuri, zoɓo kuma sun san shi, ana noma shi a ƙasar. Tuwo da miyar kuka a yi kaɗan don ɗanɗano. Amma lallai a samu farar shinkafa ko nasi minyak da miya mai romo, saboda dattijon da bai ci shinkafa da romo ba gani yake bai ci abinci ba. Hanya mafi sauƙi ita ce a ba wata Makcik ta layi kwangilar rabin girkin.

Na huɗu, abin da ya fi komai haɗari: lalacewar abinci. Zafi da laima na ƙasar ba sa ɗaga wa kaza ƙafa. Kajin da aka kawo da yamma aka bari a roba har safe kan jawo gubar abinci a wurin biki. A karɓe su da asuba, ko a binne su cikin ƙanƙara. Duk miyar da ke da madarar kwakwa na saurin tsami, musamman in aka rufe ta da zafi ko aka tsoma jiƙaƙƙen ludayi. Shawarar ma'aikatar lafiyarsu ita ce a cinye dafaffen abinci cikin awa huɗu, kuma a duba, a sansana, a ɗanɗana. Kada a zuba sabon girki a kan ragowar tsoho a mazubi ɗaya.

Na biyar, tsarin ranar. In ka gayyaci liman da jama'ar surau don addu'a, su ake fara ciyarwa, a kan tabarma a falo, maza daban mata daban. In kana son cukur jambul, ƙungiyar marhaban za ta yi yabon Annabi, a zagaya da jariri kowane dattijo ya ɗan datsi gashi a jefa cikin ruwan ɗanyar kwakwa. Ba dole ba ne. A sa wa liman ɗan ambulan. Lasifika a kashe shi lokacin kiran sallah, da dare kuma kada a wuce 10:30. Kafin a kwanta a share titi, a ɗaure shara, a kai abinci gidan duk wanda bai samu zuwa ba.

Azumi da Hari Raya

Ranar fara azumi da ta Sallah mai riƙe da hatimin sarakuna, Penyimpan Mohor Besar Raja-Raja, ke sanarwa a talabijin. Takan saɓa da ta Najeriya ko Saudiyya da kwana ɗaya. Bi ta inda kake. Surau kan manna jadawalin kwanakin wata, kowane gida ya rubuta sunansa a ranar da zai ɗauki nauyin buɗa-baki ko moreh, abincin bayan tarawihi. Rubuta naka da wuri, ko ku haɗu ku uku. Bayan Azahar ana dama bubur lambuk, faten shinkafa da nama da kayan ƙamshi da madarar kwakwa, a ƙulla a raba bayan La'asar. Na masallacin Kampung Baru a Kuala Lumpur ya fi suna. Juya shi aikin masu ƙarfi ne, da an tsaya ƙasan ya kama, ƙaurin ya bi duk kaskon. Tarawihi wasu kan tashi bayan raka'a 8, wasu su cika 20. Zakkar fid-da-kai da kuɗi ake bayarwa ga amil da hukuma ta naɗa, ya ba ka rasit. Kowace jiha na sanar da nata farashin, kuma a shekarun nan mafi ƙanƙantarsa a jihohi da dama RM7 ne kan kowane kai. Wajen daren 27 za ka ga an jera fitilun aci-bal-bal, pelita, a bakin gidaje.

Kwana biyu kafin Sallah unguwar birni kan zama fayau, kowa ya tafi ƙauyensu, shi ne balik kampung. Sayi cefane kafin nan, shaguna da yawa na rufewa. In kana nan, gaya wa maƙwabci za ka sa masa ido a gida; ƙaramin abu ne da ba sa mantawa. Waɗanda suka rage kan bi gida gida da kabbara daren Sallah, ka buɗe musu ƙofa da shayi. Idi a masallaci ko surau ake yi wajen ƙarfe 8:00 zuwa 8:30. Gaisuwar ita ce Selamat Hari Raya, maaf zahir dan batin, neman gafara ce ta fili da ta ɓoye, kuma da gaske suke yin ta, har da hawaye tsakanin 'ya'ya da iyaye.

Mai son taya girki ga abin da zai tarar. Ketupat: saƙaƙƙen ganyen kwakwa da ake cika wa shinkafa rabi zuwa kashi biyu cikin uku, a dafa awa huɗu ko fiye, ruwa ya rufe shi koyaushe. In ruwan ya ja a ƙara tafasasshe, a gama a rataye ya tsane, in ba haka ba ya yi yauƙi washegari. Lemang: shinkafa mai danƙo da madarar kwakwa da gishiri cikin gora da aka shimfiɗa wa ganyen ayaba, a jingina gefen wuta awa huɗu zuwa biyar ana juyawa, wuta ta yi yawa gindi ya ƙone sama na ɗanye. Rendang: kilo ɗaya na nama, kusan lita ɗaya ta madarar kwakwa, barkono, citta, serai (ciyawa mai ƙamshin lemo) da lengkuas (dangin citta), a ƙaramar wuta awa uku zuwa huɗu, a zuba soyayyiyar kwakwa da aka daka, kerisik, daga ƙarshe. Akwai kuma serunding, dambun nama mai ɗan zaƙi.

Yara kan zo ƙungiya ƙungiya yawon Sallah. Tanadi sababbin takardun RM1 da RM5 daga banki da ƙananan ambulan, a ba kowane yaro nasa bayan ya gaishe ka. Ziyara kuwa wata guda ake yi. Rumah terbuka, buɗe gida ga kowa, ya fi yawa a ƙarshen mako na biyu zuwa na huɗu na Shawwal. Kana iya samun gayyata huɗu rana ɗaya, don haka ci kaɗan a kowane gida, amma kada ka fita ba ka taɓa komai ba, ko da kuih, ɗan abin taɓawa, ɗaya ne da kurɓin ruwa.

Layya

A nan bambancin ya fi fitowa. Ba rago a kowane gida. Sa ake haɗuwa mutum bakwai a kai, surau ya shirya. Wannan ba watanda ba ce, layya ce cikakkiya a wurin Shafi'iyya. Malikiyya ba ta yarda da tarayya a kuɗin dabbar layya ba, saboda haka wanda ke son tsayawa kan mazhabarsa ya sayi akuya ko rago shi kaɗai, ya roƙi kwamiti su haɗa da nasu a takardar izinin yanka. Rajista kan buɗe wata ɗaya ko biyu kafin Sallah, kuma za ka furta wakilta kwamiti su yanka a madadinka.

Ranar yanka, wadda kan zama ranar Idi ko ɗaya daga kwanaki uku na bayanta, zo da wuƙarka a wase. Akwai masu kayarwa, mai yanka, masu fiɗa, masu saran ƙashi, masu wanke kayan ciki, masu awo da ƙullawa, mata kuma na ɗora farfesun ƙashi na ma'aikata. Wanda ya iya fiɗa ya faɗa, hannu ake nema. Matsalolin sanannu ne: sa ya kuɓuce saboda igiyar ba ta ɗauru a turke mai ƙarfi ba, ba a haƙa ramin jini da tumbi ba aka tura su magudana, unguwa ta yi kwanaki tana wari, ko a ƙulle nama da ɗuminsa a leda a tara a rana, kafin yamma ya canja. A baza shi a inuwa ya sha iska tukuna. Masu layya na karɓar kasonsu, sauran a raba wa mabuƙata da mazauna da takardar kati.

Rasuwa

Sanarwa a WhatsApp take fitowa, kuma galibi a ranar ake binnewa. In a gida aka rasu sai an kai rahoto ofishin 'yan sanda don takardar izinin binnewa. In a asibiti ne, asibitin ke bayarwa. Asusun khairat ke ɗaukar wanka, likkafani, motar gawa da kabari. Mai ta'aziyya ya sa tufafi marasa ado, ya zauna ya karanta Yasin ko ya yi addu'a a ransa, ya saka sadakarsa a kwanon da aka ajiye. Bayan rufewa liman kan karanta talƙini, a yi tahlil darare uku a gidan ko a surau, maƙwabta ne ke kawo abincin. Ga baƙo ɗan wata ƙasa ana buƙatar fasfo da takarda daga ofishin jakadancinsa, sannan a yi rajistar mutuwar a ofishin JPN, hukumar rajistar haihuwa da mutuwa. Ka tabbata sunan matarka da na 'ya'yanka na cikin rajistar asusun, kuma lambar shugabansa na cikin wayar kowane babba a gidan.